Ɗalibinku Ya Faɗi Rabin Karatu, Ɗiyata Ke Ɗauke da Sauran

Zuwa ga Mai Girma Shugaban makarantar da ke koya wa samari da ƴanmata aikin likita, wadda ta aiko mana ɗalibanta Dakoro bara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, ka yi mini gafara da na tsoma kaina cikin ayyukanka. Na san teburinka cike yake da takardun manya, kuma ba a saba mace irina ta aika wa mutum irinka takarda ba. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajewa. Da akwai wata ƙofa da ta rage mini, da ban ƙwanƙwasa taka ba. Ina gaishe ka, ina gaishe da iyalinka da malaman da ke ƙarƙashinka, da fatan wannan ta same ku cikin lafiyar da mu nan ba mu da ita.

Sunana Hassana, a unguwa ana ce mini Inna Malama. Mijina ya daɗe da rasuwa. Ina karantar da matan aure da ƴanmata a tsakar gidana, kuma in mace ta rasu a unguwarmu, ni ake kira in yi mata wanka in sa ta cikin likkafani. Ban shiga lakkwal ba, wato makarantar boko. Da ajami na rubuta wannan, ƙanena Ali tela ya kai wa wani malamin lakkwal ya juya ta da boko, na sa an karanta mini sau biyu don kada a ƙara mini ko a rage mini. Na kuma roƙi a buga ta inda jama'a za su gani, saboda ɓarnar da zan faɗa maka a bainar jama'a aka yi ta.

Maganar a kan ɗiyata ta fari ce. Ka san al'adarmu: ba ni faɗin sunanta, a gaban mutane ma ba ni nuna tawa ce. Yau ga ni ina rubuta "ɗiyata" a takardar da baƙi za su karanta. Daga nan ka auna inda aka kai ni.

Na farko, abin da ya same ta wurin haihuwa.

Cikin sanyin bara ta haifi ɗanta na fari a ɗakina. Kwana biyu tana naƙuda. Da yaron ya faɗo jini ya ƙi tsayawa, har maza huɗu suka ɗauke ta a kan gadon kara zuwa gidan likita, ina biye da su da takalmi ɗaya a ƙafa. Babban ma'aikacin wurin, dattijon da muke kira Majo, shi Allah ya ba sa'a a kanta. Da ta farfaɗo ya ja ni gefe ya ce, "Inna, wagga yarinya ta leƙa kabari ta dawo. Kada ta sake ɗaukar ciki sai ta shekara biyu, in da hali ma fiye." Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, wannan abu ne da muka iya tun kakanni.

Bari in faɗa maka yadda muke yi, don na fahimci a makarantarku ba a faɗinsa. A danginmu in mace ta haihu, gidan uwarta take zama. Ba ta komawa ɗakin miji sai yaro ya taka ƙasa da ƙafarsa, sau da yawa ma sai an yaye shi. Miji ya zo ya tsaya a zaure, ya aiko da gero da itacen wankan jego, a fito masa da ɗansa ya ɗauka ya yi masa wasa, ya koma gidansa. Babu laya, babu saiwa, babu abin sha. Nisa ne kawai. Da wannan nisan uwata ta raba tsakaninmu, kowa ya sha nononsa ya ƙoshi kafin ƙaninsa ya zo, kuma ta rayu har ta ɗauki jikokinta.

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take: wannan ba farilla ba ce. Addini bai hana miji matarsa ba in ta yi arba'in ta yi tsarki. Na karanta, na sani, ba zan ɗora wa Allah abin da bai ce ba don in ci gardama. Al'ada ce. Amma Allah ya ambaci shekara biyu na shayarwa, iyayenmu kuma suka duba suka samo hanyar da shekara biyun za su cika ba tare da wani ciki ya katse su ba. Ban ga abin dariya a nan ba.

Na biyu, ɗalibinku.

Da bazara kuka aiko mana ɗalibai koyon aiki a gidan likita, maza biyu da mace ɗaya. Mun yi murna. Aka ce ƴaƴan ƙasa ne, ba Nasara ba, masu jin harshenmu. Satinsu na farko ni da hannuna na dama fura na aika musu, don baƙi ne kuma suna da iyaye a wani wuri. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Isufu, dogo mai tabarau, shi ne dalilin wannan takarda.

Surukina, mijin ɗiyata, ɗan kasuwa ne. Yana kai gero da wake Maradi, wani lokaci har Najeriya, ya dawo da yadi da kananzir. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ita kaɗai gare shi, kuma yana sonta. Yana da rumfa kusa da tasha inda abokansa ke taruwa shan shayi bayan la'asar, sun kuma sa shi gaba da tsiya tun da ta haihu, suna kiransa gwauron Inna Malama. Isufu ya saba da wurin. Da farar rigarsa ta aiki yake zuwa, ko shayi zai sha ba ya tuɓe ta.

Wata rana ana cikin wannan tsiyar, wani ya ce a tambayi likita. Ƙanena Ali kekensa na ɗinki yana rumfar da ke manne da tasu, da kunnensa ya ji, kuma na sa ya rantse mini kafin in rubuta. Isufu ya aje kofinsa ya ce, "Wa ya ce sai ka jira? Mu a littafi muka karanta, muddin mace tana ba da nono, ciki ba shi shiga. Wannan zaman gidan uwa camfin tsofaffi ne. Ƙasa ta samu ƴancin kai, ku kuna nan tsohuwa na mulkin ɗakinku." Aka kwashe da dariya, har da masu tafawa.

Ranka shi daɗe, ina so ka tsaya a nan ka duba. Wannan yaro bai taɓa ganin ɗiyata ba. Bai tambayi yadda ta haihu ba. Bai koma ya tambayi Majo ba, wanda kullum suke wuni tare. Bai yi aure ba, bai taɓa raino ba, ban sani ba ko ya taɓa tsayawa kan mai naƙuda daga farko har ƙarshe. Amma ya yanke hukunci a kan jikinta tsakanin kofin shayi na ɗaya da na biyu, don maza su yi masa dariya. Ku kuka sa masa farar riga. Da rigarsa ta gida ya faɗi wannan magana, da iska ta tafi da ita.

Na uku, yadda aka ɗauke ta.

Kwana uku bayan haka baffan surukina ya zo da goro, ya ce sun zo biko, a ba su matarsu. Yaron yana wata huɗu. Wataƙila ka ce me ya hana ni in kira surukin in yi masa bayani. Idan kai ɗan ƙasar nan ne ka san amsa. Ni ko a hanya na hango shi sai in ratse in bi wani lungu, shi ma haka. Ba mu haɗa ido, balle in buɗe baki in yi masa maganar shimfiɗa. Ali ne ya tsaya a zaure yana musu a madadina, ni ina bayan katanga ina ji. Duk abin da ya kawo, amsa ɗaya ce: likita ya faɗa. Ali ya ce ai Majo ma likita ne, kuma ba haka ya ce ba. Baffan ya ce Majo na zamanin Nasara ne, karatunsa ya tsufa, yaron nan kuwa da sabon karatu ya zo daga birni.

Ina da nawa laifin, kuma Allah ya san kullum ina neman gafararsa. Ya kamata a ranar in yafa mayafi in je in kamo Majo in kawo shi zauren nan. Kunya ta hana ni. Na ce wa kaina zancen ɗaki ne, ba a kai shi gaban maza. Sai na naɗe mata zannuwanta, na ɗaure mata kanwa da yaji, na raka ta bakin zaure. Ta dube ni sau ɗaya, abin da ba ta saba yi ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Tsakiyar damina ciki ya shiga, tana ba da nonon da ɗalibinku ya ce katanga ne. Ta ɓoye har ya ƙi ɓoyuwa. Ka san abin da ake ce wa mace irin wannan a garinmu? Ana ce ta yi kwanika, wato ta yi ciki da goyo a baya. A bakin rijiya mata ba su ce mata komai kai tsaye, sai dai wata ta tambayi ƴar'uwarta ko ta ji labarin mai saurin hannu, su yi dariya cikin mayafi. Babu wanda ya je rumfar shayi ya yi wa maza dariya. Ita ta daina zuwa ɗiban ruwa.

Ran da aka tabbata, aka kawo mini yaron, Sani, yana wata tara. A wurinmu an ɗauka nonon mai ciki guba ne ga yaro, saboda haka rana ɗaya aka yaye shi. Ni na shafa mata maɗaci a nono da wannan hannun da nake rubutu da shi. Daga baya Majo ya gaya mini da an bar shi yana sha da babu abin da zai same shi, yayen ne ya fi cutar da shi. To, ka ga mu ma muna da namu kuskuren, ban ɓoye ba. Amma a da ba mu kaiwa ga wannan kuskure, don nisan da na faɗa maka yana tare mu tun daga nesa. Ɗalibinku ya cire abin da ke tare mu, bai sa komai a madadinsa ba.

Sani yaro ne da nake kira maigidana, ina ce masa ya tashi ya kawo cefane, yana ƙyalƙyala dariya yana jan leɓena. Ya fara rarrafe kafin a yaye shi. Yanzu ya shekara da wata biyu, zama ma sai an tokare shi da matashi. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na sayar da tunkiyata na samo akuya mai nono daga wajen Kornaka, ina dama masa kunu da shi, cokali uku in ya sha na gode Allah. Ba ya kuka sosai yanzu. Na fi son lokacin da yake kuka.

Na biyar, zuwana gidan likita.

Da kaka, ana ɗaurin gero, na goya shi na tafi. Ban je faɗa ba, ban iya ba, muryata ma ba ta kai nan da can. Na fara samun ɗalibar, don mace ce, na ce zan fi sakewa da ita. Na matsa kusa na ce mata a hankali, ɗiyata tana da ciki, in ya sauka lafiya, ko akwai abin da kuka karanta da zai sa mace ta huta ko tana ɗakin mijinta? Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ta faɗa wa abokin karatunta wani abu da Faransanci, suka yi dariya. Sannan ta ce da ƙarfi, a gaban layin mata, "Inna, da girmanki? Wannan tambayar matan bariki ce. Mu ba a koya mana ba, kuma doka ta hana." A cikin layin akwai mata biyu da nake karantarwa. Sun sunkuyar da kai don kada su ga fuskata.

Ban tafi ba. Na zauna a dakalin ƙofa har Majo ya fito, na kwance goyon na aje masa Sani a kan tebur, na faɗa masa komai. Ashe bai taɓa jin zancen rumfa ba. Ya aika aka kira Isufu, ya ce ya kawo littafin da ya ce ya karanta. Ya kawo wani littafin rubutu mai shuɗin bango, wanda malaminsu ke faɗa suna rubutawa. Majo ya ce ya karanta wurin ya fassara mini. Ya karanta: shayarwa tana jinkirta ciki. Ya tsaya. Majo ya ce ci gaba. Ya hau gyara tabarau. Majo ya karɓa ya karanta da kansa, ya fassara: tana jinkirtawa a watannin farko, in jinin mace bai dawo ba kuma yaro nono kaɗai yake sha, amma ba abin dogara ba ne. Layi biyu ne a ƙasan wanda Isufu ya faɗa a rumfa. Da hannunsa ya rubuta su.

Na tambaye shi, ɗana, me ya sa ba ka faɗi wannan ba? Ya ce layin farko ne aka tambaye su a jarrabawa, shi ya riƙe. Ya ce kuma shi wasa yake yi, bai san za a ɗauka da gaske ba.

Ranka shi daɗe, a tsakar gidana yarinya ba ta wanke allonta sai na saurara daga farko har ƙarshe. In ta kawo rabi ta tsaya, komawa take yi, ko uwarta ta zo roƙo. Kuma ba ni barin wadda ba ta kai ba ta biya wa wata. Ni da ba ni da tebur ko hatimi ina yin wannan, saboda ina tsoron ranar da za a tambaye ni. Ku da kuke koyar da abin da ya shafi jini da rai, yaya aka yi yaro ya fito daga hannunku da rabin layi, da farar riga, da bakin raina iyayensa? Wa ya saurare shi kafin ku sake shi a kanmu? Kun koya musu sunan kowace jijiya da Faransanci, ba ku koya musu su ce "ban sani ba" da Hausa ba.

Wani abu kuma, don kada in zalunci ɗalibar. Da zan fita ta biyo ni bayan katanga, ita kaɗai, babu dariya a fuskarta. Ta ce in yafe mata, a gaban mutane dole ta faɗi haka, in an ji ta yi wannan magana korarta za a yi. Ta ce a birni matan manyan ma'aikata suna da wata ƙwaya da ake kawo musu daga waje, ita ta taɓa gani amma ba ta san yadda ake shanta ba, a aji kuma in aka zo wurin sai malami ya tsallake shafin. Na yafe mata tsakanina da Allah. Amma kai ina tambayarka: in abin haram ne a doka, don me ya halatta a gidajen manya? In ba haram ba ne, don me ake tsallake shafin? Ɗaya ya yi magana inda ya kamata ya yi shiru, ɗaya ta yi shiru inda ya kamata ta yi magana, kuma makaranta ɗaya ta yaye su.

A gaban Majo na roƙi Isufu abu guda. Ban ce ya biya ni ba, ban ce ya durƙusa ba. Na ce ya koma rumfar nan, da farar rigar nan, bayan la'asar lokacin da suka cika, ya karanta musu layi biyun da ya rage. Ya ce to, Inna, ranar kasuwa zan je. Ranar kasuwa Ali ya rufe kekensa ya zauna yana jira har magariba. Ashe tun da safe motar Maradi ta tafi da su duka ukun, koyon aikinsu ya ƙare. Ya san ranar tafiyarsa lokacin da yake yi mini alkawari.

Na shida, inda muke yau.

Cikin ɗiyata ya cika wata takwas. An dawo mini da ita don ta haihu a nan. Tafin hannunta fari fat, in ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango ta jira jiri ya wuce. Majo yana yin abin da zai iya, kuma ya ce in Allah ya sa ta tsallake wannan, ciki na uku kuwa in ya biyo kusa, ba zai ɗauki alkawari ba.

Surukina yana zuwa kullum da safe ya tsaya a zaure, a kai masa Sani, ya daɗe yana riƙe da shi. Ali ya ce ya ga hawayensa. Amma surukin ya ce arba'in kawai za ta yi ta koma. Ka san maza: a gaban abokansa ya ɗauki matarsa da izinin likita, in ya bar ta shekara biyu yanzu, ya yarda ke nan tsohuwa ta fi likita, kuma tsiyar rumfa ta dawo sabuwa. Wasu cikinsu ma cewa suke yi ƙaddara ce kawai, littafi ba ya ƙarya, nonon nata ne ba shi da ƙarfi. Da Ali ya matsa masa, ya ce, "Bakin da ya ɗaure, shi ya kamata ya kwance. A kawo mini takarda daga makarantar da ta koya masa, da hatiminsu, a karanta a rumfa. In sun ce yaronsu ya yi kuskure, ta zauna wurin Inna har sai Inna ta ce ya isa." Ya faɗi haka gaban shaidu, kuma mutum ne mai cika magana.

Na koma wurin Majo na ce ya rubuta. Ya ce ya je rumfar da ƙafarsa ya yi magana, sun saurare shi don girmansa, da ya juya baya suka ce kishin yaro yake yi. Takarda kuwa ya ce Isufu ba ɗalibinsa ba ne, kuma yana tsoron sa hannu a kan abin da ya shafi hana ɗaukar ciki, kada a kai ƙararsa saura masa kaɗan ya aje aiki. Ban ga laifinsa ba sosai. Shi ya sa na zo gare ka.

Ga roƙona.

Ka aiko da takarda mai hatimin makarantarku. Ba doguwa nake so ba. Ta ce shayarwa ba ta hana ciki tabbas, ta ce ɗalibinku ya faɗi rabi ya bar rabi, ta ce macen da ta zubar da jini irin na ɗiyata tana bukatar hutun shekara biyu. Duk wannan yana cikin littafin ɗalibanku, ba sabon abu na ce ka ƙirƙiro ba, kuma ban ga dokar da za ta hana ka karanta abin da malamanka suka riga suka faɗa ba. A rubuta da Hausa, ko a sa fassara a ƙasa, don kada wani mai rabin Faransanci ya sake cinye mana rabi a wurin karantawa.

Ban ce ka kori Isufu ba. Yana da uwa, wataƙila ta sayar da abin da take da shi don ya yi karatu, ba ni so a shigar mata da abin da aka shigar mini. Amma ka sa ya sa hannunsa a ƙasan naka. Ka kuma nuna masa wurin da na yi maganar ƙafafun Sani, ya karanta da ƙarfi, har ƙarshe.

Waɗanda za ku aiko bana, ko dai ku koya musu wannan babi gaba ɗayansa, ko ku hana su taɓa shi a rumfa da kasuwa. Ku gaya musu tsohuwar da suka gani da mayafi mai faci ta ga haihuwa da mutuwa da yawa kafin a haife su, in ba za su koya daga gare ta ba, su bar ta da abin da ta iya. In akwai hanyar da ta halatta a addini da doka wadda mace za ta huta tana ɗakinta, ku faɗa mana a fili, mu ma matan ƙasar nan ne kamar na birni. In babu, ku bar mana nisanmu.

Allah shi ba ka ikon yin gaskiya. Allah shi tsare maka ƴaƴanka mata, shi sauke su lafiya a duk haihuwarsu, kada shi taɓa haɗa su da mai rabin karatu. Allah shi shiryi ɗalibanka, shi sa su zama masu amfani ga ƙasar nan da aka ce yanzu tamu ce. Ban yafe maka ba tukuna, ba zan rubuta abin da ba ya zuciyata ba, amma ƙofar a buɗe take.

Na gaya maka aikina tun farko. Matan da jini ya tafi da su na wanke su da yawa, ban ƙirga ba, na san yadda jikinsu yake sauƙi a hannu. A unguwarmu babu wata mai wannan aiki sai ni. In aka zo kan ɗiyata, ni za a kira.

Motar wasiƙa sau ɗaya take zuwa mana a mako. Saura wata ɗaya ta haihu, sai kwana arba'in a kai, daga nan baffan zai dawo da goronsa. A aiko amsar ta hannun Majo, ya san gidana. Don Allah, ranka shi daɗe, ka amsa mini da wuri.

Wassalam.

Hassana, wadda ake kira Inna Malama,
Dakoro.